Yadda za ka kare maigidanka a teburin mai shayi

Tun da aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a Nuwamban 2024, bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla da 'yan bindiga, aiki ya fara dawowa hannun samarin Kakangi. Wannan yaron dillalin masara ne, wancan yaron mota, wani kuma ƙodago yake yi a gonar Alhaji. Aiki na dawowa, tsegumin iyayen gida ya biyo shi majalisa. To ɗan'uwa, ranar da aka ɗauko zancen naka maigidan, ga yadda za ka yi.

Kafin komai, faɗi inda kake cin tuwo. "Jama'a, a gidansa nake, ku auna maganata da wannan." Kowa ya san wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ba mai ganin laifinka. Abin da ba a yafewa shi ne ka shigo kamar ɗan ba-ruwana, alhali hular da ke kanka ma shi ya ba ka da sallar bara. Mutanen da suka yi shekaru suna fama da infoma a tsakaninsu sun saba tambayar wa ya aiko mai magana, kuma suna da hujja.

Rantsuwa ɗaya ta isa. In ka kai uku, mai shayi ma zai ajiye buta ya zuba maka ido.

Tsaya kan abin da idonka ya gani. An ce tiyar maigidanka takan yi zurfi ranar saye, ta tsuke ranar sayarwa? In kai ke awo, ce kowa ya zo da tasa ranar kasuwa a gwada a gaban jama'a. In ba kai ba ne, kurɓi shayinka ka yi shiru. Manomin da ke wannan ƙorafi, wataƙila bana ne ya fara shiga gonarsa ba tare da waige-waige ba, kuma kowane buhu a wurinsa kuɗin taki ne, na magani ne, na makarantar yara ne. Kul ka ce masa ɗan hassada! Daga nan ake jefa yaron kirki cikin sahun 'yan amshin Shata da sojojin bakan da ake saya wa fili a gidajen rediyon Kano, daga ranar kuwa ko gaskiya ka faɗa ba mai ɗauka.

Amsa laifi ko da guda ne. "Gaskiya kuɗin ƙodago yakan kai sati bai fito ba, na kuma gaya masa." Amma fa ka tabbata ka gaya masa ɗin, don direbansa na zaune a ƙarshen benci yana jin ka.

In kuma Alhaji ya kira ana tsakiyar gardama, kar ka zabura ka tuɓe takalmi kana rusuna wa waya. Koma gefe ka amsa, ka dawo ka biya kuɗin shayinka daga aljihunka.