Sarkin Raki da Nas ta Cikin Waya

Na-Shika, bawan Kanawa, ina sanyi? Labarinka ya iso mana har Kano, kuma ba maƙiyi ne ya kawo ba, uwargidanka ce da bakinta. Wai tun da ka sauka Halifax ta Kanada kake neman likitan iyali, aka ce ka sa sunanka a jerin masu jira, ka sa, ka koma gefe kana sauraron a zo a ɗauke ka da jiniya. Da shiru ya yi yawa aka ce ga wata hanya, buɗe manhaja a waya a haɗa ka da mai duba ka, kyauta. Ka ce wa zai duba ni? Aka ce ƙila likita, ƙila nas. Nan ka murtuke fuska, wai kai ɗan Zazzau, jikan malamai, ba za ka kai ƙarar cikinka gaban nas ba, balle nas ta cikin waya.

Kai ɗin da na sani? Wanda yaron kemis ya danna wa allura a bayan kanta a Tudun Wada, ko labule babu, ka fito kana ɗingishi kana ce masa na gode dokta? Allah Ya shirye ka.

Tunda ku Zage-zagi ba kwa yarda da magana sai an haɗo muku da suna da shekara, to riƙe. Wannan ba irin nas ɗin da ke miƙa wa likita almakashi ba ce. Sai ta gama karatun jinya, ta yi aiki a asibiti, sannan ta koma ta yi digiri na biyu. Jami'ar Dalhousie da ke nan kusa da hancinka ma tana yaye su. Doka ta ba ta ikon ta gano cuta, ta tura ka gwajin jini ko hoto, ta rubuta magani, in abin ya fi ƙarfinta ta miƙa ka ga ƙwararren likita. Kuma ba jiya aka fara ba. Tun 1965 wata nas, Loretta Ford, da wani likitan yara, Henry Silver, suka buɗe wannan karatu a Jami'ar Colorado ta Amurka, saboda yaran ƙauyuka ba su da mai duba su. Matar nan sai a Janairun 2025 ta rasu, tana da shekara 104. Kai ko hamsin ba ka cika ba, amma duk murar da ta kama ka sai ka tara yara ka yi wasiyya.

Jiran kuma kada ka ɗauka kai aka raina. Wani babban bincike mai suna OurCare da aka yi a 2022 ya nuna manya kusan miliyan 6.5 ne a Kanada ba su da likita ko nas tasu ta dindindin, wato fiye da mutum ɗaya cikin biyar. Lardinku na Nova Scotia, da jama'arsa ba ta wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba, jerin masu jira ya haura 150,000 a 2023. Waɗanda aka binne cibiyarsu a nan ma suna layi, sai kai da ka zo da goro a aljihu za a tsallake da kai? Shi ya sa tun 2021 hukumar lafiyarku ta ɓullo da VirtualCareNS, ta ɗauko kamfanin Maple ya riƙe manhajar. Ka shiga da katin lafiyarka, ka rubuta abin da ke damunka, ka jira a kira ka. In magani ne, a aika takardar kai tsaye kantin maganin unguwarku. In kuwa sai an taɓa jikinka, a sama maka lokaci a ƙaramin asibiti ka je da ƙafarka.

Da da kuɗi ne da na fahimce ka, don na san yadda hannunka yake da wuyar fita daga aljihu. A wasu larduna, irin su Ontario, akwai asibitocin nas-nas masu zaman kansu da ke cajin mutane, har ministan lafiya na lokacin, Mark Holland, ya rubuta wa larduna a Janairun 2025 cewa daga Afrilun 2026 inshorar gwamnati ce ya kamata ta riƙa biyan irin wannan duba. Kai ko sisi ba a tambaye ka ba. Bakano ne ke gaya maka, abin da aka ba ka kyauta ba a yi masa yanga.

Na ji dai daga baya ciwon ya matsa, ka sauko. An ce ka zuba babbar riga, ka kafa hula, ka fesa turare. Turare, Na-Shika! A waya! Baiwar Allah ta bayyana, ka fara da ina kwana, ina aiki, ina gida, ya yara, tana ta duban agogo. Ta ce me ke damunka, ka ce basir ne. Ta ce ta yaya ka sani, ka ce ai gadonsa kuka yi. Ciwon kai basir, kasala basir, har mantuwar bashin da nake bin ka na san basir za ka ɗora wa. Da ta ce ka auna hawan jini, sai ga lamba ta fito da ta sa ka cire hular da kanka.

Ƙorafinka ɗaya ne na yarda da shi, kuma ba da wasa ba. Nas ɗin ba taka ba ce. Yau ita ce a layi, gobe wata, jibi wani likita da bai taɓa jin sunanka ba. Mai hawan jini ko ciwon suga yana buƙatar wanda ya san shi, wanda zai tuna wane magani aka gwada bara bai karɓe shi ba, wanda zai kalle shi ya ce ka rame. Waya ba ta latsa ciki, ba ta sauraron ƙirji. Don haka kada ka cire sunanka daga jerin nan, kuma ka samu ɗan littafi kana rubuta magungunanka da awon jininka, duk wadda ta fito ka karanta mata. Sai dai ni tausayina yana wajen ma'aikatan. Mutumin da ke neman wanda zai ba labari tun daga haihuwarsa a Kwarbai, an ba shi sabon kunne kowane zuwa, ai gaba ta kai shi.

Abu biyu ka kiyaye. Kada ka roƙe ta maganin ciwo mai sa maye, ba a rubuta irinsa ta wannan hanya, kunya kawai za ka ja mana. In kuma ƙirji ya riƙe, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, babu zancen manhaja, 911 za ka buga nan take. Babbar rigar ma a bar ta a rataye. Ina son ka da rai, in ba kai wa zan zaga?

Ka gaida uwargida, ka ce mu Kanawa muna ba ta haƙuri, mun san abin da aka haɗa ta da shi. Amsarka kuma kada ta wuce shafi biyu, ka rubuto da lambar awon jininka ta gaskiya, don zan tambayi uwargida.