Nutso a Gulbin Kaba

A ƙasashen sanyi, masu nutso a teku suna da wata riga da ke rufe mutum daga wuya har tafin ƙafa, ruwa ba ya taɓa fata. Kuɗinta ya sayi bijimi a kasuwar Tasawa. Amma cikin kukansu akwai ƙafa: tsakuwa da yashi kan cinye robar ta wajen diddige da yatsu, ɗan rami ya buɗe, gwani ya fito da safa sharkaf yana rawar ɗari.

Maganin kuwa, a toshe wuya da hannuwa, a hura wa rigar iska, a shafa ruwan sabulu. Inda kumfa ta tashi, nan ɓarawon yake. A shanya, a kankare, a shafa gam, a liƙa faci, a bar shi ya kwana.

To, ai wannan karatun kowane mai faci a bakin tashar Tasawa ya haddace shi tun yana yaron shago, da tubun babur da rabin jarkar ruwa mai launin koko. Sai dai cinikin ba zai iso shi ba. Ko a Mayahi, Gulbin Kaba suna kawai ya riƙe, galibin shekara yashi ne da goriba, duk wanda ya sanya rigar nan zufarsa ce za ta jiƙa shi.

Robar da ke shan wuya a nan ita ce guga, wadda aka yanko daga tsohon tubun mota. In ta huje, kafin ta iso bakin rijiya rabin ruwan ya koma gida, sa ya ja a banza, matan da ke jiran layi suna hararar mai igiya.