Jinjina ga gwanin kashe gwaji

A tashar Gure akwai wani direba mai bin hanyar Damagaram zuwa Diffa. Ran da jar fitilar baƙin mai ta kama a gabansa, bai ɓata wa fasinja lokaci ba, sai ya yanko salatif ya liƙe ta. Na daɗe ina zaton ba shi da na biyu, ashe yayansa na can a fagen Linux.

Ranka ya daɗe, mai ɗaure manhaja! Kai ke ɗauko aikin wasu ka ɗaure shi ƙunshi-ƙunshi don Debian ko Ubuntu, mu kuma mu sauke da ɗan datan da muka saya. Masu rubuta manhaja sukan haɗo ta da gwaje-gwaje, wani lokaci ɗaruruwa, domin ta binciki kanta kafin a sake ta. To, ɗaya ya faɗi. Mara dabara zai zauna neman dalili: ko gwajin intanet yake nema alhali an hana injin haɗawa, ko injin ne mai nawa har lokaci ya ƙure, ko kuwa ɓaraka ce ta gaske. Ya tsallake wannan guda ɗayan kaɗai, ya rubuta hujjarsa, ya kai wa masu manhajar rahoto. Ina amfanin wannan wahala? Kai ɗan layi ka saka a fayil ɗin debian/rules, gwaje-gwaje suka yi tsit baki ɗaya, allo ya koma kore shar. An bar kaza cikin gashinta, kowa ya kwana lafiya.

Sana'ar taka kuwa tana da tarihi abin alfahari. A 2006 manhajar bincike mai suna Valgrind ta dami mutane da ƙorafi a kan OpenSSL, wadda ke ƙera makullan sirri. Ba da mugunta ba, aka kashe layi biyu a ƙunshin Debian domin ta yi shiru. Ta kuwa yi. Sai dai ɗaya daga layukan shi ke zuba yamutsin da ke hana a cinki makulli. Garin gyaran gira aka rasa ido: makullan da ya kamata su fi rairayin Muniyo yawa suka dawo ba su wuce 32,768 ba a kowane iri. Ka ga sauƙi ga ɓarawo, ba sai ya ɗauko gatari ba! Kusan shekara biyu ana zaune ƙalau, har Luciano Bello ya tono zancen a Mayun 2008, masu Debian da Ubuntu suka shiga sauya makullai a faɗin duniya.

Albarkacin irinka ne ma ɗakin gwaji ya zama kangon da ba mai leƙawa. Shi ya sa wanda ya dasa ƙofar ɓoye a manhajar xz ya zaɓi fayilolin gwaji ya binne ta. Da an kwashe lafiya, ba don wani mai shisshigi, Andres Freund, ba. A Maris 2024 ya lura shiga kwamfuta ta SSH ya ƙara nawar rabin daƙiƙa, ga Valgrind ta sake ɗaga murya. Maimakon ya toshe mata baki kamar kowane mai hankali, sai ya bi sawu.

Wanda ya kunna kwamfutar asibiti, da wadda ke jiran saƙon kuɗi daga ɗanta a Agadas, ba su san sunanka ba, ba su kuma san akwai abin da ka liƙe ba. Amana suka ba ka, yadda muka ba direban nan ran da muka cika motarsa, har da mai goyo da tsoho mai zuwa ganin likita. Injin ya buga tsakanin Gure da Gudumariya da tsakar rana, ba inuwa ba rijiya. Na leƙa gaban motar: salatif na nan daram, ko gefensa bai ɗago ba.