Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Birki

Zuwa ga Malam Birki,
Maƙwabcin Totur da Kuloci,
Ƙarƙashin Sitiyari.



Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ko da yake lafiyar taka ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na rubuto maka ne a madadin direbobi, na haya da na gida, waɗanda suka wayi gari suna taka ka kana durƙusawa har ƙasa.

Malam, mu mutane ne masu yabon sauƙin kai. Muna son sa a wurin suruki, muna roƙon sa a wurin mai bin mu bashi. Amma kai ba don ladabi aka ɗauke ka aiki ba. Taurin kai ake nema a wurinka: a taka ka, ka tirje. Dubi maƙwabcinka Totur, ko shafa shi aka yi sai ya zabura, kuma kai aka ɗora wa alhakin tsawata masa. To ina tsawa, alhali an taka ka ka lotsa kamar burodin da ya sha shayi?

Kafin in yanke maka hukunci, sai da na bi asalinka. Ashe duk aikinka a kan doka ɗaya yake, wadda Blaise Pascal, mutumin Faransa, ya bayyana a ƙarni na 17: ruwan da aka kulle, in an danna shi ta nan, sai ya kai dannin can ba ragi. Kai ka tura masta, masta ya tura mai cikin bututu, mai ya matse takalman birki a jikin faifai ko gangar taya. Tun 1921, da kamfanin Duesenberg na Amurka ya fitar da motar fasinja mai birkin mai a tayoyi huɗu, tsarin bai sauya ba. Ke nan duk ranar da ka yi laushi, akwai wanda ya tsaya a hanya yana cinye ƙarfin ƙafata. Masu wannan ɗabi'a kuwa ba su da yawa, kuma kowanne da irin sawunsa. Sai in faka mota a wuri mai lebur, in kashe inji, in yi maka tambayoyi da tafin ƙafa.

Tambaya ta farko: in na taka ka sau uku a jere, kana taurarewa ka ɗago? In haka ne, babban wanda ake zargi iska ce. Ita ba ta da halin mai, matsuwa take yi, sai ta gama shanye takun farko sannan saƙo ya isa taya. Kuma ba ta shiga haka kawai, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ko an kwance bututu ba a cire iska da kyau ba, ko an bar mai ya ƙafe a kofinsa har masta ya zuƙi wofi. Sai dai akwai mai kwaikwayonta. A motar da ke da ganga a baya, takalman da suka cinye suka yi nesa da ganga su ma suna sa ka yi doguwar tafiya kafin ka kama. Raba gardama ba wuya: a ɗan ja birkin hannu, a sake taka ka. In ka ɗago, takalman baya ne ke neman saiti.

Tambaya ta biyu: in na taka ka na riƙe, ba ƙari ba ragi, kana tsayawa ko kana sulalewa a hankali? Sulalewa tana nufin mai na gudu. Sai a buɗe bonet a duba kofin mai. Ya ɗan sauka kaɗan bayan dogon lokaci, wannan cin takalma ne, ba abin tashin hankali ba. Ya sauka da yawa, sai a bi sawu: cikin kowace taya, mahaɗar bututu, da inda tsatsa ta ci. In ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa amma mai na raguwa, a leƙa bayan masta, domin yakan tsiyaya cikin baƙar tukunyar nan da ke taimaka wa ƙafa, ya ɓuya a can. In kuwa mai na nan cif amma kana sulalewa, to robobin cikin masta ne suka gaji, mai na zagaye su ya koma baya. Wannan ɓarawon cikin gida ne, ba ya barin shaida a waje.

Tambaya ta uku ita ce mai ban tsoro. Da safe lafiyarka lau, sai an sha doguwar gangara, irin ta Hawan Kibo in an baro Jos za a Akwanga, sannan ka ɓace a ƙarƙashin ƙafa. Nan laifin ruwa ne. Man birki yana zuƙar laimar iska sannu a hankali, ko mota na aiki ko tana ajiye. Sabon mai samfurin DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, amma in ya sha ruwa kashi 3.7 cikin 100, ƙa'idar ta sauko zuwa 140. DOT 4 daga 230 yake saukowa 155. Da zarar ya tafasa sai tururi, shi kuma tururi matsuwa yake yi. Abin haushin, bayan ka huce sai ka dawo garau, bakanike ya taka ka a gareji ya ce, "Alhaji, ai birkinka ƙalau yake." Ka mai da mutum maƙaryaci a gaban yaran gareji.

Akwai ƙananan masu laifi da bai kamata su tsira ba. Tsohon tiyon roba da ke kai mai ga taya yakan kumbura in an taka, a sa wani ya taka ka a zuba wa tiyon ido. Boris ɗin taya in ya saki, faifai na rangaji yana ture takalma baya, sai takun farko bayan shan kwana ya tafi a banza. In an musanya mamatsar faifai ta dama da ta hagu wajen ɗauri, noti mai fitar da iska zai koma ƙasa, ita kuwa iska sama take taruwa, ko kwana aka yi ana "Taka! Riƙe! Saki!" ba za ta fita ba. Wasu motocin masu ABS kuma sai an haɗa su da kwamfuta kafin iskar da ta maƙale a akwatin ABS ɗin ta saki.

Da na kammala bincike, Malam, sai ƙarar tawa ta raunana. Ashe laushinka magana ce, kuma kai kaɗai ne a motar ke faɗin gaskiya tun kafin a shiga kasuwa da gudu. Matsalar masu sauraro ce. Sau nawa ka ji direba na cewa, "Sai an yi masa famfo biyu yake kamawa, amma na san halinsa"? Yaron da ya biyo ƙwallo ya faɗo titi bai san halinka ba, kuma ba zai jira taku na biyu ba. Na ji ma har da masu ɗura maka ruwan sabulu wai "ya kai mu gida", da masu zuba man inji, wanda ke kumbura robobi ya lalata su gaba ɗaya, da masu gauraya DOT 5 da sauran, alhali shi na silikon ne, ba ya haɗuwa da su.

Don haka ga sulhun da na kawo. Mu za mu sauya maka mai duk shekara 2, ko yadda littafin mota ya ce, daga sabuwar kwalba da ba a fasa ba, mai lambar da aka rubuta a murfin kofinka. Za mu sa ƙaramar giya a gangara, inji ya rage maka wahala. Wajen cire iska za a bi jerin da mai ƙera motar ya tsara, wanda galibi daga tayar da ta fi nisa da masta yake farawa. Ranar da ka taɓa ƙasa kuwa, motar ba ta fita, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Kai kuma abu ɗaya muke roƙo: ka ci gaba da kai ƙara da wuri, tun muna ƙofar gida.

Wassalam.

Naka mai taka ka ba don raini ba,
Wani direba.

Ƙari: Ka gai da ƙanenka Birkin Hannu. Ka faɗa masa tayoyin baya kaɗai yake riƙewa, ya daina barin ana ruɗarsa cewa zai iya gadon kujerarka.