Kafe Resa: Baburin da Ba Ya Goyo

Kafe resa babur ne da ake biyan kuɗi a rage masa kaya. Asalinsa daga Ingila ne, a shekarun 1950 da 1960, lokacin da samari ke taruwa a gidajen shan shayi irin su Ace Cafe ta Landan, suna gasar wanda baburinsa zai kai gudun mil 100 a awa, wato kimanin kilomita 160. Domin babur ya yi sauƙi, sukan cire duk abin da ba ya ƙara gudu, su sassauke kan babur, su bar sirdin mutum ɗaya. Wasu kan ɗora injin Triumph a gangar jikin Norton su kira shi Triton. Al'adar ta iso Zariya ne ta cikin wayar hannu, ta yada zango a Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello ta tara samari masu data da lokaci.

Aikin yana farawa da samun tsohon babur. An fi son Honda CD175, irin wanda ma'aikata suka saya da kuɗin Udoji a 1975. Akan same shi jingine a zaure, kaza na ƙwai a ƙarƙashinsa, 'yan gwangwan sun taya sau uku maigida yana cewa albarka. Ranar da ɗa ya nuna sha'awa, ranar maigida ke tuna cewa ba a taɓa kwance injin ba.

Daga nan sai Sabon Gari. Saurayi ya miƙa wa makanike waya ya nuna masa hoto, makanike ya duba a kaikaice ya ce, "An gama, ka dawo jibi." A lissafin makanikai, jibi rana ce da ke faɗowa tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba. Kafin ta zo, an sa wa babur kabureta ta Bajaj, da birkin faifai da aka ciro daga wani babur da ya riga mu gidan gaskiya, da fitilar Sin mai kashe idon na gaba. Inji na Japan, kabureta ta Indiya, walda ta bakin kasuwa, kowanne da harshen da yake ji.

Salansa kuwa yanke ta ake yi. Ƙarar da ke fita ta mai gudun kilomita 160 ce, gudun kansa bai cika wuce 40 ba, domin tsakanin Kwangila da babbar ƙofar jami'a akwai tirela da Keke Napep da akuyar da ba ta sauri don kowa. Mahayi yana tafe a duƙe kamar mai shara da guntuwar tsintsiya. Madigadi ma an cire, saboda haka a watan Agusta ana gane mai kafe resa ko ya sauka: layin taɓo ne tun daga ƙugu har ƙeya.

Babbar magana tana wurin sirdi. A Zariya babur na mutum uku ne da buhu, kuma rabinsa na maƙwabta ne. Sirdin mutum ɗaya ya soke goyo, ya soke "rage mini hanya", ya kusa soke aro, abin da ko kwaɗo da sarƙa ba su iya ba. A gida ne ake samun cikas. Idan uwa ta ce a kai mata masara inji, amsar ita ce, "Hajiya, ai ba ya ɗaukar kaya." Idan ta ce to me yake ɗauka, sai a yi shiru, domin amsar gaskiya ita ce hoto.

Gidan shayin Landan kuma a nan teburin mai shayi ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, gasar ta koma ta fatar baki: a jera babura, a ce a soya Indomie da ƙwai biyu, kowa ya faɗi gudun da zai yi da hanya na da kyau. Wanda litarsa ta ƙare ya tura zuwa gida yana cewa fulogi ne.

Kayan da aka cire, wato kariya da madigadi da dogon sirdi, ba a sayarwa. A ƙarƙashin gado ake adana su, domin da zarar an sa wa mai babur ranar aure, wurin makaniken nan ake komawa ya mayar da su, a sabon farashi, a dawo jibi.