Ranar da Ragon Kawu Ya Haihu

Babbar Sallah na ƙaratowa Kawu ya aika a kira ni garkensa da ke kusa da titin Funtuwa zuwa Gusau, a nan Yankara. Sana'arsa raguna: ya saya a kasuwar Sheme da ƙauyukan Faskari da Sabuwa, ya kiwata, ya yi lodi zuwa Kudu. Damuwarsa ita ce alhazan Legas sun daina yarda da ɗan hoton waya. Kowa so yake ya ga ido, ya ga kofato, ya leƙa haƙori.

"An ce ka iya kwamfuta," in ji shi.

"Kawu, ai ni da ita sai dai in ba a haɗu ba."

Na gina masa shafi da React, manhajar nan da Facebook ya fitar a 2013, mai harhaɗa shafi gunduwa-gunduwa: ta farashi daban, ta hoto daban. Don zuƙo hoton kuma na ɗauko OpenSeadragon, wanda tushensa fasahar Seadragon ce da Microsoft ya saya a 2006. Dabararsa ta burge ni. Ana yayyanka hoto ƙanana-ƙanana, mataki-mataki, sai ya riƙa kawo wa mutum iya wurin da ya zuƙo. Mai duba haƙori ba zai ƙona datarsa a kan wutsiya ba. Mu da aka rufe wa layukan waya a 2021, mun san darajar sabis.

Ranar gwaji Kawu ya tara maƙwabta. Shafi ya buɗe, ga suna, ga farashi, rago ko ƙaho babu.

"Ina ragon?"

"Yana ciki, Kawu."

"Cikin ina?"

Gaskiya na faɗa. OpenSeadragon akwatin da aka ba shi yake cikawa, akwatin nan kuwa ba wanda ya faɗa masa tsayinsa, sai ya zaɓi sifili. Na ba shi tsayi, na sake buɗewa ina taƙama.

Sai ga raguna biyu, ɗaya bisa ɗaya, har tabon kunnensu iri ɗaya. Tun fitowar React 18 a 2022, in ana gwaji a ƙarƙashin StrictMode, da gangan yake ɗora gunduwa, ya sauke, ya sake ɗorawa, don ya kama wanda ba ya share bayansa. Shi kuma OpenSeadragon ba ruwansa da dokar gidan React. In ya kafa rumfarsa, ba ya tashi sai an sallame shi da baki.

Ina cikin wannan bayani Kawu ya karɓe wayar, wai zai gyara farashi. Duk lambar da ya danna, gunduwar ta sake zana kanta, sabon rago ya faɗo. Ya danna sifili, rago. Ya goge, rago. Waya ta ɗau zafi kamar kaskon masa.

"Tunda uwata ta haife ni," in ji Kawu, "ban taɓa ganin rago ya haihu ba."

Wani dattijo a gefe ya fara ƙirga da yatsa, yana tunatar da Kawu cewa in sun kai 40 zakka ta hau kansa.

Daren nan ban runtsa ba. Na ɗaure akwatin da useRef, na sa useEffect ya kafa mai zuƙowar sau ɗaya tak, na kuma sa a kira destroy duk lokacin da gunduwar za ta sauka. Da asuba rago ya koma ɗaya, ana zuƙo shi har gashin ido.

Aka tura wa wani tsohon abokin cinikin Kawu a Legas. Ba a jima ba ya bugo.

"Alhaji, ka ga haƙoran?" in ji Kawu.

"Na gani. Amma wancan farin balamin da ke ɗaure bayan zana, nawa?"

Balamin nan Kawu ya daɗe yana ɓoyonsa don layyarsa, ko 'yan unguwa ba su san da shi ba. A hoton bai wuce ɗigo ba. Kawu ya yi ta kame-kame, Alhaji ya tuna masa shekarun da suka yi suna hulɗa, kunya ta yi aikinta, aka sa balami a mota.

Da ragon da ya haihu muka yi layya. Yanzu duk wanda zai ɗauki hoto a garken Kawu, sai an jingina masa dabbar da bango tukuna.