Alƙalan Fim a Teburin Mai Shayi

A Auyo ba sai ka kalli fim za ka yanke masa hukunci ba. Zauna a teburin mai shayi bayan isha'i, sauro na yi maka goge a kunne, za ka sha Labarina na Aminu Saira tun daga farko har inda marubucin bai kai ba tukuna.

Akwai dattijon da kullum yake cewa Kannywood ta lalata tarbiyya. Shi bai taɓa kallo ba, wai. Amma ranar da wani yaro ya rikita labarin Izzar So, sai Baba ya dangwarar da kofi: "Kai yaro, ƙarya kake, ba haka aka yi ba!" Muka yi tsit. Ya ce jikokinsa ne ke kunnawa, kunne kuwa ba shi da marfi.

Fassarar Algaita ta fi tayar da ƙura. Jiya aka yi ta yabon wani jarumin Indiya da ya kakkarya ƙarti arba'in, ko sumarsa ba ta motsa ba. Wani manomin shinkafa da ya wuni korar jan-baki a fadama ya taɓe baki.

"A kawo shi gonata. In ya kori tsuntsayen nan yini guda, ya sare kachalar da ta toshe mana ruwa, na yarda jarumi ne."

Mai shayi ya ce, "Malam, ai da rawa zai kore su."

Da aka zo kaina na ce fim ya yi ma'ana. Cajin wayata ya ƙare tun ana jero sunaye.